Dokar Larura da Ranar Ɗage Ta

Jama'a, a watan Janairu na 2025 rundunar soja ta hana tashin jirage marasa matuƙa a Arewa maso Gabas, domin 'yan ta'adda na amfani da su. Babu mai musun wannan. Amma yaushe ne ɗage irin wannan doka yake wajaba?

Malamai sun ce abin da aka yi saboda uzuri yakan faɗi da gushewar uzurin. Mai taimama in ya sami ruwa kafin ya ta da kabbara, taimamarsa ta ɓaci. To, haka hanin da aka kafa saboda tsoro: barinsa bayan tsoron ya kau zalunci ne, domin ba mai laifi kaɗai yake ci ba. Da aka yanke wayar salula a Zamfara a Satumban 2021, majinyaci da ɗan kasuwa sun ɗanɗana kuɗarsu.

Sai dai ɗagewa ba ta halatta abin da can ma haramun ne. Mu nan ƙasar Argungu, yaro ya ɗauki hoton masunta a Matan Fada ko shinkafar fadamar Gulma, madalla. In kuwa na'urar ta bi ta saman tsakar gidan maƙwabci inda iyali suke, leƙen asiri ne, ko da hukuma ta ba shi takarda.