Randa a Bakin Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san randar da akan ajiye a gindin itace, da moɗa kife a kan murfinta. Wanda ya cika ta bai san wanda zai sha ba, mai sha kuma bai san wanda zai gode wa ba. A kan wannan tarbiyya muka tashi: baƙo ya sha ruwa tukuna, sa'an nan a tambaye shi daga ina ya fito.

Mu kanmu mun ci moriyar wannan hali. Wata rana da bazara tayar motarmu ta fashe tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, muna dawowa daga wata ƙaramar majami'a. Wani dattijo ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya sa aka dama mana fura, ya aiki jikansa da babur ya ɗauko mai faci. Ya ga gicciye a wuyanmu, mu ma mun ga carbi a hannunsa. Da muka miƙa masa kuɗi sai ya ce, "Haba, 'ya'yana, ai Allah ne ya kawo ku."

Amma tilas mu faɗi gaskiya. Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Kurfi, Safana, Batsari da Dutsin-Ma. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a watan Disamba na 2020 ba. Mutane sun koyi cewa baƙon fuska yana iya zama ɗan leƙen asiri. Ga tambayar da ke gabanmu: shin wajibin yi wa baƙo alheri yana nan a lokacin da alherin zai iya jawo mana hatsari?

Amsarmu ita ce yana nan. Mu tuna da misalin Basamariye mai tausayi a Bishara ta hannun Luka, sura 10. Ubangijinmu bai ba da wannan misali a kan hanyar lumana ba. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ta shahara da 'yan fashi, kuma su ne suka yi wa mutumin rauni. Mai yiwuwa tsoro ne ya hana firist da Balawe tsayawa, tsoron kuwa yana da dalili. Duk da haka wanda aka yaba shi ne wanda ya tsaya, alhali ba ɗan ƙabilar mai raunin ba ne, ba su kuma sujada wuri ɗaya. A kan wannan misali marigayi Paparoma Francis ya gina wasiƙarsa Fratelli Tutti a 2020.

Sai dai mu lura da yadda Basamariyen ya yi. Ya ɗaure raunin, ya kai mutumin masauki, ya bar dinari biyu, wato ladan aikin kwana biyu, ya danƙa shi a hannun mai masaukin. Bai ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Kakanninmu ma haka suka yi: baƙo yana sauka a zaure, ba a cikin gida ba, kuma akan sanar da mai unguwa. Wannan shi ne hankali. Hankali yana tambaya, "Yaya zan taimaka ba tare da na jefa iyalina cikin hatsari ba?" Taurin zuciya kuwa yana cewa, "Ina ruwana?" Zunubi yana shigowa ne sa'ad da muka laƙaba wa na biyun sunan na farko.

Kada kuma mu raina ƙaramin abu. A Matiyu 10:42 Yesu ya yi alkawarin lada ko a kan moɗar ruwan sanyi. Nuna hanya, rage wa tsohuwa hanya ran kasuwa, ara wa matafiyi waya ya kira gida, gargaɗin kada ya bi wata hanya bayan almuru: waɗannan ba su fi ƙarfin kowa ba. Ɗan fashi yana ƙwace shanu da hatsi, amma in ya sa muka daina amincewa da juna, ya ƙwace abin da ya fi su daraja.

Tun da aka kafa Dayosis na Katsina a 2023, ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, muke tambayar kanmu da me za a san mu a wannan ƙasa. Mu 'yan kaɗan ne, sau da yawa kuma mu ne baƙin da ake shayarwa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Bari kowane gida da kowace majami'a da ke bakin hanya su ajiye randa, su cika ta kowace safiya. Allah ya kiyaye matafiya, ya ba ƙasarmu salama. Amin.