Shin Kare Yana da Haƙƙi a Kanmu?

'Yan'uwa, a ƙauyukan Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, kare ne ke gadin awakinmu da rumbunanmu da dare. Da me muke saka masa? Sau da yawa da jifa da yunwa. Ranar da ciwon hauka ya kama ɗaya, sai mu bi sauran da kulki, alhali sakacin namu ne, gama a hannunmu Allah ya danƙa su. Allurar rigakafi, irin wadda ake haɗawa a Vom, tana hana cutar. In an yi wa karnuka 70 cikin 100, yaɗuwarta kan tsaya. Yaranmu kuwa, su aka fi ciza. Wanda aka ciza, a wanke masa wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya da shi asibiti.