Ko Ana Sayen Ɗa da Kuɗi?

A ƙauyukanmu na Kankiya da Kusada, in aure ya shekara uku babu goyo, matar ake yi wa gorin juya, alhali sau da dama matsalar daga miji take. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum 1 cikin manya 6 yakan gamu da rashin haihuwa.

A Turai da Amurka akwai wuraren ajiyar maniyyi, ana sayar da shi kwalba-kwalba. Ma'aurata sukan zauna lissafin kwalba nawa za su saya, gama gwajin farko ba lalle ya kama ba, kuma suna so ƙannen yaron su fito daga mutum guda. To, da wane bakin za a amsa wa yaron ran da ya tambayi asalinsa? A 2023 wata kotu a ƙasar Holan ta hana wani mutum ci gaba da bayarwa, bayan ya haifi yara fiye da 500, waɗanda za su iya auren juna cikin rashin sani.

Takardar Donum Vitae ta 1987 ta koyar cewa ɗa kyautar Allah ne, yana da hakkin fitowa daga uba da uwar da aure ya haɗa. Shigo da irin wani namiji ya saɓa wa alkawarin aure. Duk da haka, yaron da aka haifa ta wannan hanya darajarsa cikakkiya ce.

Bari miji da mata su nemi magani a asibiti tare. Riƙon maraya kuwa al'adarmu ce tun kaka da kakanni. Mu kuma jama'ar Ekklesiya, mu daina gori.