Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsokaci a Kan Gaskiyar Kwaikwayo

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa Kasuwar Jalingo da la'asar, bayan an gama sauke doyar Zing, ba zai rasa ganin yara suna jan motocinsu na gwangwani a bayan rumfuna ba. Da gwangwanin madara da waya da tsohon silifa da ake yankawa a yi tayoyi, yaro kan haɗa babbar mota har da wurin zaman yaran mota. Wata rana muka tsaya a kan wani yaro da bai wuce shekara 11 ba. Ya gama ƙera tasa tsaf, sai kuma ya ɗauki dutse ya lotsa gefenta, ya shafe ta da baƙin mai. Muka ce, "Kai yaro, don me za ka ɓata abin da ka sha wahalarsa?" Ya ce, "Baba, ka taɓa ganin motar doya ta iso nan da tsabtarta?"

Amsar yaron nan ita ta haifar da wannan maƙala. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin warwarewa ita ce: idan mutum ya zauna kwaikwayon duniya, shin wajibi ne ya kwaikwayo ta da tsatsarta da lamɓarta, ko kuwa yana da damar wanke ta? Kuma a wane gaci ne kwaikwayo yake komawa yaudara?

Masu Ƙera Ƙaramar Duniya

A ƙasashen Turai da Amurka wannan wasa na manya ne. Tun da Frank Hornby ya fara sayar da ƙananan jiragen ƙasa a Ingila a 1920, dattawa da yawa suka mayar da ɗakunansu filin shimfiɗa layin dogo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a wurinsu shi ne kashi 1 cikin 87, wato taragon da tsawonsa ya kai mita 20 sai ya koma santimita 23, mutum kuwa ya koma kamar santimita 2. A birnin Hambag na Jamus har akwai gidan kallo na irin wannan aiki, Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001.

Abin lura shi ne, gwanayensu ba su yarda da sabon abu. Idan sun gina masana'anta a gefen layi, sai sun bi kwanon rufinta da jan gari mai kama da tsatsa, sun baƙanta bakin bututun hayaƙi, sun zuba garin gawayi a inda ake lodi, sun bar ciyawa ta tsiro a layin da aka daina bi. A ganinsu, masana'antar da ba ta da datti ba ta taɓa yin aiki ba. Ashe ke nan dattijon Hambag da yaron Jalingo makaranta ɗaya suka yi, ko da yake ba su san juna ba.

Ra'ayoyin Magabata

Aflatun, a littafi na goma na Jamhuriya, ya ɗauki mai kwaikwayo a matsayin wanda ya yi wa gaskiya nisa. Kafinta ya kwaikwayi ainihin siffar gado ya ƙera gado, mai zane kuma ya kwaikwayi gadon kafinta, alhali bai san yadda ake haɗa katako ba. Ɗalibinsa Aristotal ya saɓa masa, ya nuna cewa kwaikwayo ɗabi'a ce ta ɗan Adam tun yana yaro, kuma ta hanyarsa yake fara koyo, har ma yakan ji daɗin kallon surar abin da zai ƙyamata a zahiri idan an fitar da ita daidai. A ɓangaren addini kuwa, an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai, don haka motar yaro ko taragon dattijo ba sa cikin abin da malamai suka yi taƙaddama a kai.

Bahaushe ma bai yi shiru ba, domin ya ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana yana ɗauke da gargaɗi ga mai kallo, kada ya ɗauki sura a matsayin ainihi. To amma yana kuma sauke wa mai kwaikwayo wani nauyi, tun da ba wanda ya nemi ya kawo wane ɗin da kansa. Abin da ya rage a wuyansa shi ne amana a cikin abin da ya zaɓa ya nuna.

Tsatsa Kaɗai Ba Ta Wadatar Ba

Mai karatu na iya cewa magana ta ƙare, duk wanda ya sa datti ya faɗi gaskiya. Ba mu yarda da haka gaba ɗaya ba. Tsatsar ƙaramar masana'anta ba ta yanka hannu, hayaƙinta ba ya sa tari. Da wani zai ƙera mana tashar Kano ta zamanin dalar gyaɗa, da buhuna da taragu da ƙura, za mu yaba masa. Amma layin da ya iso Kano a 1911 da ƙarfin talakawan da aka ɗebo ta hannun sarakuna aka shimfiɗa shi, kuma wannan wahala ba ta da launin da za a shafa wa katako. Haka nan wanda zai ƙera masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, yana iya nuna ta tana hayaƙi har abada, ya manta da dubban ma'aikatan da suka rasa abin yi da aka rufe ta a 2002. Wato datti ma yakan zama ado, idan begen jiya ne ya shafa shi.

Saboda haka kowane kwaikwayo ragi ne. Wanda ya mayar da mita 20 santimita 23 dole ya zubar da wani abu, kuma zubarwar ba laifi ba ce. Laifin yana ga wanda ya zubar da abin da ya san mai kallo yana bukata domin ya yanke hukunci.

Kwaikwayon da Ke Ɗauke da Alkawari

Akwai mai ƙera ƙaramar duniya na uku, kuma shi ya fi ba mu tsoro. Shi ne wanda ke jera samfurin rukunin gidaje ko masana'anta cikin akwatin gilashi ranar aza harsashi, da korayen itatuwa da tituna fes, babu kwata, babu ɗan tireda. Yaro da dattijo suna kwaikwayon abin da suka gani, kowa kuma ya san wasa suke yi. Shi kuwa wannan yana kwaikwayon abin da babu shi, yana neman a biya shi da yarda. Mutanen Taraba, jihar da aka ƙirƙira a 1991, sun san ɗanɗanon wannan, domin sun shafe shekaru da dama suna jin labarin tashar lantarki ta Mambila, suna ganin zanenta a jaridu. Layin dogon da ya bi ta Bauci da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 bai leƙo Jalingo ba. Wataƙila shi ya sa ba mu taɓa ganin yaran kasuwar sun ƙera jirgin ƙasa ba. Abin da idonsu ya shaida shi hannunsu yake fitarwa.

Ba muna cewa a daina zana abin da ake fata ba ne, domin magini ma sai ya ja layi a ƙasa kafin ya ɗora tubali. Abin da muke cewa shi ne, samfurin da aka ɗora wa alkawari ya zama bashi, kuma hukuncinsa hukuncin bashi ne.

Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu masu koyar da adabi da ɗalibanmu masu rubutu a wannan mujalla, domin marubuci ma ƙaramar duniya yake ƙerawa. Sau nawa muke karanta labarin da kowane gida bene ne, kowace mota sabuwa ce, ba a ɗauke wuta, ba a bin kowa bashi? Sau nawa kuma muke karanta wanda aka cika da talauci da ƙazanta don kawai a ce marubucin ya san rayuwa? Duka biyun sun gaza, na farko ya wanke abin da bai kamata ba, na biyu ya mayar da wahalar mutane kwalliya. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne na yaron nan: ka lotsa motarka a daidai inda hanya take lotsa ta, kada ka rage, kada ka ƙara, kuma ka iya faɗin dalili idan an tambaye ka. Da muka juya za mu tafi, mun bar shi yana yanka ɓawon rogo ƙanana, yana lodin doyarsa.