Fatawa: Hukuncin Tara Agogunan Hannu Masu Tsada

TAMBAYA

 Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Ruwan Godiya ne ta ƙasar Faskari, ina fataucin hatsi tsakanin Funtuwa, Dandume da Dawanau. Allah ya buɗa mini, kuma ya ɗora mini son agogon hannu. Na farko da na riƙe Seiko ne na mahaifinmu, wanda ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali, da ya rasu ni na ɗauka. Tun daga nan duk alherin da ya same ni sai in sayi agogo don tunawa: ranar da na gama biyan bashin jarina, haihuwar ɗana na fari, shekarar da na kai mahaifiyata Hajji. A cikinsu akwai Rolex mai haɗin ƙarfe da zinare, akwai wani da aka ce mini farin zinare ne, akwai kuma biyu da na saya don an ce kuɗinsu hawa yake yi. Ƙanena ya ce almubazzaranci nake yi alhali danginmu na gudun hijira. Ni kuwa Allah ya sani ba don a gani nake ajiye su ba, kowanne tarihina ne. Shin ina da laifi? Kuma akwai zakka a kansu?

AMSA

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Hajjin mahaifiyarka karɓaɓɓe ne. Na gaskata ka cewa ba nuna wa mutane kake yi ba, kuma a kan haka zan gina amsa. Sai dai akwatin nan naka hukuncinsa ba ɗaya ba ne, kowane agogo da nasa.

Agogo a kan kansa halal ne, kuma son kyakkyawan abu ba aibi ba ne. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah ya yi inkarin wanda zai haramta ƙawar da ya fitar wa bayinsa. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko son tufa mai kyau da takalmi mai kyau yana cikin girman kai, sai ya nuna masa Allah yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Imam Malik kansa an san shi da sa tufafi masu daraja. Kula da lokaci ma tsohon aikinmu ne: a masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa akwai malamin da aikinsa ke nan, Ibnus Shaɗir, wanda ya ƙera agogon rana don lokutan salla a ƙarni na 14.

Haka kuma Musulunci bai raina abin da zuciya ke ji game da kayan wanda ya rasu ba. Bayan yaƙin Badar, Nana Zainab ta aiko da abin wuya don fansar mijinta Abul Asi. Abin wuyan na mahaifiyarta ne Nana Khadija, ita ta ba ta lokacin aure. Da Annabi (SAW) ya gan shi tausayi mai tsanani ya kama shi, har ya nemi sahabbai, in sun yarda, su saki mijin su mayar mata da kayanta, suka kuwa yi. Abu Dawud ya kawo wannan daga Nana A'isha. Saboda haka idan ka duba Seikon nan ka tuna hannun da ya ɗaura shi, ka yi masa addu'a, babu mai ce maka ka yi bidi'a, muddin ba ka ƙudurce cewa ƙarfen yana jawo arziki ko yana kore sharri ba.

Amma ka ce "ni na ɗauka", kuma nan ne na fi tsayawa. Duk abin da mamaci ya bari, daga gona har allura, dukiyar magada ce daga lokacin da rai ya fita. Al'adar da babban ɗa ke kwashe agogo da rawani da sandar uba ba tare da an tambayi kowa ba, ba ta da gindi a shari'a. Matan mahaifinka suna da tumuni a cikin agogon nan, 'yan'uwanka mata suna da rabonsu. In an sa shi cikin lissafi ya faɗo a kasonka, shi ke nan. In ba a yi ba, ka tara magada, a yi masa kuɗi, su yafe maka da daɗin rai ko ka biya kowa nasa. Wanda yake ƙaramin yaro a lokacin ba a yafe haƙƙinsa a madadinsa, sai ka biya shi, ko shi da kansa ya yafe bayan ya mallaki hankalinsa. Na san kuɗin tsohon Seiko bai taka kara ya karya ba, amma abin da ka fi ƙauna a akwatin shi ya fi cancanta ya zama tsarkakakken halal.

Sai zinare. Ali ɗan Abi Ɗalib ya ba da labarin cewa Annabi (SAW) ya riƙe alharini a hannu ɗaya, zinare a ɗaya, ya bayyana cewa an haramta su ga mazan al'ummarsa. Rolex ɗinka mai launi biyu, irin wanda kamfanin ke kira Rolesor, rawayar da ke jikinsa zinare ne na gaske mai karat 18, ba ruwa aka shafa ba. Ɗaura shi haramun ne gare ka, ko a ɗaki kai kaɗai. Farin zinare shi ma zinare ne, an gauraya shi ne da wani ƙarfe har launinsa ya koma fari, kuma hukunci yana bin asalin abu. Ka juya agogon ka duba: in ka ga hatimin 750, to kashi 750 cikin 1000 zinare ne. Filatinam kuwa wani ƙarfe ne daban, bai shiga hanin ba. Wanda aka yi wa ruwan zinare ɗan siriri, wanda ko an kankare ba za a tara komai ba, malamai sun yi saɓani a kansa, barinsa ya fi kuɓuta. Azurfa ma a mazhabar Malikiyya ba a sakar wa namiji ita a ado ba sai zobe guda da bai wuce nauyin dirhami biyu ba, da abin da aka keɓe kamar adon takobi da Alƙur'ani. Wasu malamai irin su Ibn Taimiyya sun sassauta, amma fatawar ƙasarmu a kan hanin take.

Mafita tana da sauƙi. An taɓa ba Annabi (SAW) kyautar riga ta alharini, ya aika wa Ali, da ya ga ya sa sai ransa ya ɓaci, ya umarce shi ya yanka ta mayafai ya raba wa mata. Kai ma ka ba uwargida ko 'yarka in ƙirar ta dace da mace, ko ka sayar. In sayarwa za ka yi, a yi hannu da hannu, kada ka bayar bashi, domin cinikin zinare da kuɗi ba ya karɓar jinkiri. Kuma kada ka sayar wa namijin da ka san ɗaurawa zai yi.

Kada kuma ka zaci wanda ya kauce wa zinare ya kauce wa ɓarna. A watan Nuwamba na 2019 an yi gwanjon wani Patek Philippe a Janiba kan faran miliyan 31 na kuɗin Suwizalan, kuma farin ƙarfe ne. A 2017 an sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a birnin New York kan kusan dala miliyan 17.8, shi ma ƙarfe ne. Tun da Seiko ta fito da agogon batir na kwatz (quartz) a Disambar 1969, tsada ta rabu da daidaiton lokaci: Casio ɗin da ɗan acaɓa ke ɗaurawa ya fi mafi yawan waɗannan manyan agoguna riƙe daƙiƙa. Abin da ake biya shi ne aikin hannu da suna da ƙarancin abin a kasuwa. Wannan bai sa cinikin ya haramta ba, amma ya fitar da shi daga babin buƙata ya kai shi babin ƙawa, kuma ƙawa a bayan haƙƙoƙi take tafiya.

To ina iyakar? Shari'a ba ta yanke adadin agoguna ba. Israfi yana bin halin mutum da halin waɗanda ke kewaye da shi. Abin da yake matsakaici ga mai tireloli ɓarna ne ga mai buhu goma. Duk da haka akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da nake so ka yi tunani a kansa: Annabi (SAW) ya ƙirga shimfiɗar miji, da ta matarsa, da ta baƙo, sannan ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan. Malamai sun fassara shi da abin da ya wuce buƙata aka ajiye don alfahari da shagala. Hannun da ake ɗaura agogo guda ne. Ɗaya na kasuwa, ɗaya na Juma'a da Idi, da na gado, wannan ba na ganin laifinsa ga mai wadata. Amma al'adar cewa kowace ni'ima sai an yi mata agogo ba ta da ranar ƙarewa, domin ni'imomin Allah ba sa yankewa, akwati kuwa in ya cika wani ake saye.

Game da maganar ƙanenka, ya yi gaskiya a wani ɓangare, ko da harshensa ya yi kaifi. Kai ka fi ni sanin abin da ƙasarku ta gani: harin Kadisau a watan Yunin 2020, kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba na wannan shekarar, rufe layukan waya a Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu a 2021, gonakin da aka bari ba shuka, da matan da aka bar wa marayu. A wurin da babu mai yunwa, attajiri ya ajiye miliyoyi a akwati abu ne da za a iya kau da kai. A wurin da ɗan'uwa ke sayar da gonar gado don kuɗin fansa, lissafin ya sauya. Ciyar da iyaye matalauta da iyali wajibi ne a kanka. Ceton wanda yunwa ko rashin magani za su halaka farilla ce a kan masu hali na yankin, haka fansar wanda aka kama, in babu wanda ya tsaya duka sun yi laifi. In akwai irin wannan a danginka ko maƙwabtanka, kana sane, ka tsallake ka sayi agogo, to ka yi zunubi, kuma niyyar tunawa ba ta ɗauke shi. In kuwa kana sauke waɗannan, kana fitar da zakkar hatsinka da ta kuɗinka, sayen bai kai haram ba, sai dai ƙari a kan abin da kake da shi makaruhi ne a ganina, a wannan hali da ake ciki.

Akwai kuma tsaron kanka. Kada ka shiga Ruwan Godiya ko kasuwar Sheme da agogon miliyoyi a hannu, kada yaranka su ɗauki hotonsa su sa a waya. Infoman 'yan bindiga ba ya buƙatar fiye da haka, kuma jawo wa kai da iyali cuta abu ne da aka hana.

Zakka kuwa ga yadda take a mazhabarmu. Agogon ƙarfe da ka saya don ɗaurawa ko ajiyar tunawa babu zakka a kansa komai tsadarsa, hukuncinsa ɗaya da dokin hawa da gidan zama. Na mahaifinka ma haka, in har wata rana ka sayar sai kuɗin su shekara a hannunka. Masu zinare dabam suke: tun da ba ya halatta ka yi ado da su, ana fitar da zakkar zinaren da ke jikinsu kowace shekara, bisa nauyi, ba bisa kuɗin suna ba. Ka kai wa amintaccen maƙerin zinare ya ƙiyasta. Misali in ya ce akwai giram 120 na karat 18, tsantsar zinaren giram 90 ke nan, ya haura nisabi wanda yake dinari 20, kimanin giram 85. Za ka fitar da ɗaya cikin arba'in, wato giram 2.25 ko kuɗinsa a ranar. Ko bai kai nisabi shi kaɗai ba, ana haɗa shi da sauran kuɗinka. Shekarun baya da ba ka fitar ba suna nan bashi a wuyanka, ka lissafa ka biya. In ka mallaka wa uwargida don ado, daga nan zakkar ta faɗi.

Biyun da ka saya don jiran kasuwa hajar ciniki ne, ko da kana ɗaura su jefi-jefi. Malikiyya sun bambanta mai juya haja kullum, wanda ke yi wa kayansa ƙima duk shekara, da mai ajiyewa yana jiran farashi, wanda ke fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar, in shekara ta riga ta zagayo wa jarin. A waɗannan agoguna biyu kai mai jira ne. Sauran mazhabobi uku sun ce a ƙiyasta duk shekara, in ka bi wannan ya fi amfanar talakawa kuma ka fita daga saɓani. Ka kuma sani farashin bai da tabbas, ya yi tashin gwauron zabi zuwa farkon 2022 sannan ya sauko ƙwarai. Ranar sayarwa ka bayyana duk gyara da duk abin da aka canza a ciki, in kuma ka gano akwai jabu a cikinsu, haramun ne ka miƙa shi da sunan na asali.

Shawarata, wadda ba wajibi ba ce, ka riƙe na mahaifinka bayan ka daidaita da magada, da guda biyu na amfani. Wanda ka saya shekarar Hajjin mahaifiyarka, ka sayar ka yi rijiyar burtsatse da niyyar ladan ya kai gare ta da mahaifinka. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Ka kira ƙanenka ku zauna, shi ya rubuta maka sunayen dangin da suka fi shiga matsi, ka fara da su kafin damina ta faɗi, lokacin da taki da iri suka fi kowace kyauta amfani.

Wallahu a'alam.