Halascin Ɗaya Da Ƙarar Da Iri

Wani almajirina a Sandamu ya tambaye ni: "Malam, tun da Risala ba ta hana cin tsuntsaye masu farce ba, mene ne laifin harbin shaho?"

Na ce masa hukuncin haka yake. Amma akwai wani shaho mai farin ƙirji, kifi ne abincinsa. A Turai yake ƙyanƙyasa, idan sanyi ya kama sai ya ƙetaro Sahara zuwa Afirka ta Yamma, har fadamun Haɗeja da Nguru. Wajen 1916 ya daina sheƙa a Birtaniya saboda harbi da satar ƙwai, alhali kowane maharbi gani yake ɗan kaɗan ya ɗauka. Sai a 1954 wasu biyu suka dawo Sikotilan. Daga baya mutane suka shiga gadin sheƙarsu dare da rana, har yau ga su ɗaruruwa.

To, ɗan da aka yi wa wannan wahala, idan ya iso, yakan yi kusan shekara biyu a wajenmu kafin ya koma. Mai gadin can bai san mu ba, amma hannunmu ya sako shi.