Littafin aljanu ko littafin dattawa?

Ina da tambaya, taya ni tunani. Mutumin da ya koyi karatu da girmansa, wa ke da ikon ce masa ga littafin da zai karanta, ga wanda ba zai taɓa ba?

Ga dalilin tambayar. A ajinmu na yaƙi da jahilci, a wani ƙauye na ƙasar Dakoro, akwai wata mata mai ƴaƴa huɗu. Rani biyu ta yi tana fama da baƙaƙe kafin su zauna mata. Ƙanenta ya dawo daga cin rani a Kano, ya kawo mata tsarabar wani ɗan littafi. Labarin wata budurwa ne da aljani ya kamu da sonta. Kowane dare, in ta sauke tuwo, sai ta kunna cocila tana karantawa, matan gida suna saurare. Ran nan wan mijinta, wanda ya yi lakkol da ƙuruciya, ya tarar da su. Ya ce mata: "Ashe don ƙaryar aljanu kika koyi karatu? Littafi sai na dattawa." Kunya ta kama ta, ta ɓoye littafin. Sati uku ba mu gan ta a aji ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko zuciyata tana wajensa, don ni ma tsofaffin littattafai na fi so. Amma da na koma na buɗe su, sai jikina ya yi sanyi.

A 1933 wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. To, me ke cikinsu? A Ruwan Bagaja, aljanu ne suka taimaki Alhaji ya kai ga ruwan da yake nema. Ganɗoki ma ya sha yawo a ƙasashen aljanu. Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, soyayya ce: mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, shi kuma ya shiga daji neman asirin ramuwa. Ka ji littattafan dattawa! Kuma sa'ad da Imam ya rubuta nasa, bai fi shekara 22 ba.

Littattafan soyayya na Kano sun yawaita daga baya, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. An zage su, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano. Mata ba su daina karanta su ba. Ba mu kaɗai ba ne: a Amurka, a 2005, littafin Twilight ya fito, labarin yarinya mai son wani saurayi mai shan jini, miliyoyin mutane suka saya.

Ban ce duka ɗaya suke ba. A littafin matar nan, in budurwa ta shiga uku, aljani ke fitar da ita cikin ƙiftawar ido. A Shaihu Umar ba haka. An sace yaro, uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ta ratsa Sahara, ba wanda ya ɗauke ta a fiffike. Ta same shi a gajiye, ba ta daɗe ba ta rasu. Wannan labari ya fi zama a rai. Amma ka lura, hannun da ya saki fartanya yakan yi laushi, ido ma haka ne. Wadda aka kunyata ta ajiye littafin aljanu ba ta ɗauki Shaihu Umar ba, karatun duka ta ajiye. Baɗi in likita ya rubuta mata yadda za ta ba ɗanta magani, wa za ta kai wa takardar?

Na tafi gidan da la'asar. Muka gaisa da wan mijin, na karanta masa wurin aljanun Ruwan Bagaja. Ya yi dariya, ya ce ya manta da su. Na bar wa matar aron Shaihu Umar, ban karɓe nata ba. Ta dawo aji. Ta ce mini: "Malam, naka yana da nauyi, shafi ɗaya nake yi da rana. Da dare kuwa mata sun ce sai mun ji ƙarshen aljanin nan."